Injin Waya da Motar Mahaifinmu

Motar mahaifinmu tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, kuma kanwa ce ta cinye ta. Shekara da shekaru yana jigilar kanwa da gishiri zuwa kasuwar Urafane da ƙauyukan Mayahi, ruwan damina ya jiƙa buhuna, ya tsiyaye a kan ƙarfe. Da ya rasu injinta na tashi lafiya lau, amma in ka hau baya kana hango ƙasa ta tsakanin ƙafafunka, ba ta hawa hanya a haka.

Tana ajiye a gidanmu na gado a Tasawa, daidai inda yayana ke son gina ɗakin hatsi. Shi ba mai faɗa ba ne, magana ɗaya yake yi ya tashi.

"In an gama girbi, ko ta hita da ƙahwahunta, ko masu sayen ƙarhe su hidda ta gunduwa-gunduwa," ya ce mini.

Na ce, "Na ji, Yaya."

Ni ma'aikacin biro ne, wato ofis, walda sha'awa ce kawai. Ina da ƙaramin inji mai cin sandar walda, da shi na haɗa ƙofar gida da murhun gawayi. Na gwada shi a jikin motar, sai ya zama ni ma ina taya kanwa aiki. Ƙarfen jikin mota falle ne, wutar sanda ta yi masa yawa. Duk inda na ɗora, rami.

Haka na shiga Maraɗi neman injin da ake kira MIG. Shi ba sanda yake ci ba, siririyar waya ce ke fitowa daga bakin bindigarsa a hankali, gaz na hurowa kewaye da ita don kada iska ta ɓata ɗinkin. Mai shagon, wani dattijo mai son surutu, ya jera mini uku. Na farko ƙato ne, wutar unguwarmu ba za ta ja shi ba ko da maƙwabta sun kashe firji don alfarmata. Na biyu ƙarami, ba ruwansa da gaz, wayarsa ce ke fitar da hayaƙin kare kanta, sai dai yana tartsatsi kuma yana huda falle. Na uku matsakaici, mai kwalbar gaz.

"Malam, mi za ka ɗinka?" ya tambaye ni.

Na ce jikin mota.

"To mai gaz ne naka. Amma ka sani, kwalba in ta ƙare sai an kawo ta nan, mu ma jira mukai a kawo muna. Kuma kak ka yi aiki inda iska ka busawa."

Na ɗauki mai gaz. Na yi tunanin kaurin ƙarfe, da ƙarfin wuta, da iska, har na kafa zana kewaye da motar. Maƙwabta kaɗai na manta ban sa a tunanin ba.

A garinmu babu wanda ya yarda mutum zai sayi inji don jin daɗinsa. Ranar da aka ga hasken walda ta saman katanga, ranar na zama mai waldar unguwa, wanda ba a biya. Aka kawo ƙafar gado, aka kawo baro, wata gwaggo ta aiko da tukunyar ƙarfe da marfin buta. Masu kauri ina yi musu da tsohon inji. Amma mutane sun ga ɗinkin sabon, sumul, ba dunƙule ba, kowa sai ya ce, "Da wancan mai wayar za ka yi mini." In ka ƙi, gobe da shi za ka haɗa sahu a masallaci.

Tsakanin wannan da wancan nake komawa kan motar da yamma. Na yanke ruɓaɓɓen wuri, na auna sabon falle, na ɗiga masa ɗigo-ɗigo, na jira ya huce, na ƙara. Na ji daɗin wannan aiki fiye da duk abin da na taɓa yi a biro. Rabin bayan ya rufu, gefen direba ya rufu.

Ana tsakar yankan gero ɗan kawuna ya zo daga Hawandawaki da tankin injin ban-ruwa wanda ya tsage, falle ne shi ma, sanda ba za ta iya ba. Ya ce lambunsa na bushewa. Na duba allurar da ke nuna yawan gaz a kwalba, ta kusa kwanciya. Na yi masa. Washegari na ɗora bindiga a kan motar, ɗinkin ya fito kumfa-kumfa, baƙi. Gaz ya ƙare.

Na aika da kwalbar Maraɗi. Aka ce babu, a jira. Na jira har aka ɗaure damman ƙarshe, aka sauke tubali a ƙofar gida. Yayana ya zo ya duba bayan motar, rabi sabo, rabi rami, ya shafa ɗinkin da tafin hannu.

"Ka iya hwa," ya ce. "Amma hatsi na waje."

Ban roƙe shi ba. Yana da gaskiya, kuma na ji haushin hakan.

Masu sayen ƙarfe suka zo da guduma da kurfi na saran ƙarfe. Na tsaya ina kallo, don ban ga amfanin ɓuya a ɗaki ba. Tsohon ƙarfen bai ba su wahala ba, da bugu ɗaya yake yagewa. Da suka iso inda na yi aiki sai kurfi ya riƙa zamewa. Babbansu ya buga, ya sake bugawa, ya share gumi, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wa ya yi wanga ɗinki? Ya ƙi tsagewa."

Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai, ya ce wa ɗan'uwansa su bi ta gefe. Suka yanko wurin ɗungurungum, falle guda, suka jefa shi saman sauran.