Sonon da Muka Haɗa Hannu Muka Saya

A ƙauyenmu, kusa da Geskeru, ba wanda ke da injin ban ruwa shi kaɗai. Gidaje kan haɗu su saya, wani ya kawo tattasai, wani akuya. Injin yana kwana wurin wanda ya iya gyaransa, amma yau gonarka, gobe tawa. Gonakin na manne da juna a bakin Komadugu. In wani ya riƙe injin ya wuce ranarsa, kowa na jin kukansa, sai a tako a tsaya masa a kai. Da wannan na girma, shi na sani.

Da tashin hankali ya koro mu Diffa, ɗiyata ta fara tafiya ke nan. Ban san abin da ya zauna mata a rai a hanyar nan ba. In aka yi harbi mai nauyi daga wajen kogi, ko da sojoji ne ke gwada kayansu da rana tsaka, sai ta sandare. Ba kuka, ba motsi, fitsari na bin ƙafarta. Takan wuni ba ta ce uffan ba, ni kuma in wuni ina kallon bakinta.

Wata rana muka je suna gidan wani ma'aikaci. An kafa sono, manyan akwatunan kiɗan nan da sautinsu ke bugun ƙirji. Ana cikin kiɗa aka yi harbin. Ni a tafin ƙafata na ji shi, na juya da sauri. Yarinya na rawa abinta. Ta ɗauka cikin kiɗan ne.

Yayana na fara gaya wa ina son sono a gida. Shi ne mai riƙe injinmu a ƙauye, hannunsa ya san waya da ƙarfe.

"Ke auta, sono? A gidan da buhu ne ƙofarsa?"

"Yaya, ba don biki ba ne."

Ya dubi yarinyar, ya bar dariya. "To kar mu sayi mai ƙara kamar gwangwani. Mu haɗu mu sa a kawo na ƙwarai, da ampli mai ƙara sauti da batir da fanon rana na caji. Yadda muka yi da inji."

Ƴan ƙauyenmu na unguwar suka shiga. Wata don auren ɗanta, wani tsoho don kunnensa ya yi nauyi, yana son jin karatu. Ni tattasaina na bayar, wanda na fito da shi a bayan jaki ranar gudu. Maigida ya ce, "Abinci za ki ba da ki sayi ƙara?" Na ce masa Yaya ne fa.

Ta Damagaram kayan suka biyo, don hanyar tsallaken iyaka a rufe take. Muka jira har damina ta wuce. Da suka iso, baƙaƙe ne, gabansu kamar saƙar zuma, suna warin sabuwar roba. Yaya ya kunna a tsakar gidansa, ruwan randa ya kama rawa. Ɗiyata ta manna tafin hannunta a jikin akwatin tana dariya. Aka yi fatiha, aka ce sonon zai riƙa kwana wurin Yaya, yana zagaya gidaje.

Ranata ta zo, na share ɗaki, na shimfiɗa tabarma inda za a ajiye shi. Bai zo ba. Masu furoje, ƴan ƙungiyar agaji, sun ara, wai suna koya wa mutane wanke hannu. Da ranar ta sake zagayowa, batir ne ke hutawa.

"Batir ma hutawa yake, Yaya? Ni yaushe zan huta?"

"Bakinki ya fi ampli, da ke muka kafa ai."

Daga baya ya tashi daga unguwarmu, ya koma gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. A nan na ga abin da ba mu duba ba. A ƙauye kukan injin ne ke tona mai riƙe shi. A gari kiɗa na tashi ta ko'ina, ba ka gane naka. Tsofaffinmu suka je, aka ba su shayi, suka dawo suna ce mini in yi haƙuri.

Wata safiya aka tashi da harbi, yarinya ta sandare da koko a hannunta. Na goya ta na tafi a ƙasa, don an hana babura. Na tarar da Yaya a ƙofar gida, yana ɗaure akwatunan a bayan mota, ya lulluɓe su da bargo kar su kurje.

"Yaya, yau kaɗai. Dube ta."

Bai ɗago ba. "Wani ango ya riga ya kama haya, auta. Yaro da kansa yake sabawa."

Ya miƙo lemun kwalba wai in ba ta. Ban karɓa ba. Zanena a jiƙe yake ta baya, shi ma ya gani.

Tun ranar, in harbi ya fara, sai in zaunar da ita kusa da turmi in yi ta daka ba komai a ciki, har kafaɗuna su mutu. Wani lokaci yana yi, wani lokaci ba ya yi. Turmin ya tsage ta gefe, na ɗaure shi da waya.

Yaya kan zo gaisuwar sallah, ina amsawa. Ɗiyata yanzu tana magana, ta san sunan kowa a unguwa. Shi dai ban koya mata ta ce masa kawu ba.