Finjali Mai Jan Zare a Ingal

Ana idar da sallar asuba muka baro Agadas, ni da wani maƙwabcina mai sarin dabino, a bayan kamiyo, babbar motar kaya da ke kai jar dawar taimako Ingal. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Shekara shida rabona da wana, Yaya Ilyasu, wanda ya koya mini ƙirar azurfa, ga shi yau zan gan shi.

Bari in faɗi laifina tun yanzu. Da kuturta ta fito masa, ni na ɗaura jan zare a finjalin shayinsa don kada ya gauraya da namu. Ni kuma na kawo shawarar a kai shi wurin gwaggonmu a Ingal, na haye maƙerarsa na zauna. Makon jiya malamin jinyar can ya aiko mini saƙo, ya ce magani ya kashe cutar tuni, ba ta kama kowa, amma mutumin ya daina magana tun bara, abinci ma sai an yi fama. In nasa ba su zo ba, baƙin ciki zai ƙarasa shi.

Sau biyu jandarmomi suka tsai da mu, suna duba takardu suna lalube buhuna. Ɗaya ya kalli hoton maƙwabcina mai gashi, ya kalli sanƙonsa, ya tambaye shi ina sumar ta tafi. Maƙwabcin nawa ya ce fari ne ya cinye ta. Har mai bindiga sai da ya dara.

Daji kuwa babu abin dariya. Ba ciyawa ko ta shara, gawar shanu hagu da dama, Fulani da Buzaye na tafe da jakuna sun nufi gari. A wata rijiya na ga an ba da akuya a kan tiya biyu ta gero. Muka sayi cuku, busasshen nono mai taurin fata, muka yi ta tauna har muka hango koren dabinon Ingal wajen azahar. Na kusa dirowa tun mota ba ta tsaya ba.

Gwaggo ta tarbe ni da guɗa da kuka. Ta ce duk Juma'a malamin jinya yana tara su Yaya da masu tundurmi, ciwon nan na kumburin ƙafa, a yi hira, kowa ya amayar da damuwarsa, shi dai Yaya sai kallo. Na same shi a rumfa, ya fuskanci bango. Na gaishe shi sau uku, shiru.

Sai na ciro tsarabata, abin wuya na azurfa da na ƙera da kaina, na ajiye a gefensa. Yatsunsa sun gajarta, ba sa jin taɓi, don haka ya ɗauke shi da tafuka biyu ya kai leɓensa yana shafawa. Can ya juyo.

"Auta, yumɓun zubin bai bushe ba ka zuba azurfa. Har yanzu gaggawar tana nan?"

Ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba. Gwaggo ta saki muciya. Shi kuwa ya ci gaba, ya kushe kakin zumar da na fitar da siffar da shi, ya kushe gogewar, ni ina ta washe baki.

Da aka kawo shayi sai ga finjalin, zaren ya koɗe amma yana nan. Na ɗauke shi na sha, na tsinke zaren da haƙori.

"Yaya, ni na ɗaura. Ka yafe mini."

"Na san ƙullinka," in ji shi. "Shi kaɗai ne aikinka da ya yi ƙarko. Zuba mini."

Bayan kwana biyu muka juyo mu uku, ni da Yaya da maƙwabcina, bisa buhunan dabino. Malamin jinya ya ja mini kunne in riƙa duba masa tafin ƙafa kullum, in nisanta shi da garwashi, kada kuma in bar shi ya yini shi kaɗai.

Na dawo da sanin cewa magani ya gama nasa aikin tun da daɗewa, ciwon da ya rage ni na ɗaura shi. Yanzu Yaya na zaune a ƙofar maƙera, duk abin da na ƙera sai ya bi ta leɓensa kafin ya fita kasuwa. Jiya ya mayar mini da uku. Zaren kuma na rataye shi bisa zugazugi, inda idona zai riƙa faɗa masa.