Tana da Ƙugiya?

Ƙamshin sabon kwali ne ya kama ni jiya a wani shagon kwamfuta a Sabon Gari. Na je ne da 'yata mu zaɓi wadda za mu ajiye a gida. Mai shago yana ta zuba: wannan ƙwaƙwalwarta ta fi girma, waccan ta fi sauri, wace manhaja za a ɗora mata. Ni kuwa ƙafafuna sun gaji, kaina ya ɗau zafi. Na samu benci na zauna, sai tunani ya mayar da ni 'yar shekara goma sha uku.

Babanmu malamin firamare ne a Samaru, ya yi ritaya ya rungumi tafiretarsa. Kakarmu ta tsara waƙoƙi da yawa wa zumuntar matan cocinmu, kuma tunda ta rasu, shi kaɗai ya rage da ya haddace su duka. Yana so ya mayar da su littafi. Tafiretar ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, don haka in ya gama shafi sai ya ɗauki biro ya bi haruffan yana maƙala musu ƙugiya. Da damina, bayan azahar, ruwa na dukan kwano, tafireta na amsawa. Ana cikin haka yanar ido ta fara rufe masa gani.

Yayana, wanda ya shiga jami'a ya dawo da iyayi, shi ya ce a sayi kwamfuta. Mako biyu ana ja-in-ja a tsakar gida. Yaya yana son manhajar kyauta da ɗalibai ke yayi, kawu da ke aikin ofis ya ce sai wadda kowa ya sani. Mama ita damuwarta wuta, wadda ba ta cika yini ba. A ƙarshe muka ɗunguma da Baba zuwa wani shago a Sabon Gari.

Mai shagon ya gama yabon kayansa, Baba ya ce, "Tana da ƙugiya?"

"Baba, no be wall clock o," in ji mutumin. "Ba ratayewa ake yi ba, a tebur za ka ajiye."

Baba ya ce a rubuta masa Ɗan Allah. Aka rubuta, ya kai fuskarsa dab da gilashin. "Ka gani? Dan Allah ta rubuta. Ni Ɗan nake nufi, ita roƙo take yi." Yaya ya ce wannan ƙaramin aiki ne, a bar masa. Muka ɗauko ta a bayan mota, na rungume kwalin har gida.

Gaskiya Yaya ya cika alkawari, ƙugiyoyi suka fito a gilashi ras. Baba yana rerawa, ni ina bugawa da yatsa biyu, har aka yanke dawa. Amma ba mu da firinta, kuma da aka kai shagon buga takardu, duk inda ƙugiya take sai ɗan akwati ya fito. Sau uku Yaya yana komawa. Daga ƙarshe ya cire su duka aka buga haka nan, Baba ya koma wa bironsa.

A lokacin idon ya tafi sai kaɗan. Yakan ƙirga haruffa da yatsa, ya sa ƙugiya, ya miƙo mini. "Uwata, duba min." In duba in ga ƙugiya a kan harafin a, wata a kan n, wata tsaye a fili ba ta riƙe da komai. Mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, ba tausayi ne ya hana ni magana ba. Na gaji ne. Na gaji da waƙoƙin, na gaji da zama, ƙawayena suna jirana a waje. Sai in ce, "Daidai ne, Baba." Shafi bayan shafi haka na ce masa. Ya rasu yana ganin littafin mahaifiyarsa ya kammala, ni kuwa kunya ta hana ni kai shi coci. Yana cikin akwatina har yau, matan da suka san waƙoƙin kuma suna ta ƙarewa.

Jiya, a kan bencin nan, na ji bakina ya ce, "Tana da ƙugiya?"

'Yata ta yi dariya. "Mama, duk suna da ita yanzu, har wayarki. Mutane ne kawai ba sa dannawa."

Abin da ya fi ƙarfin gidanmu shekara guda, yau yana aljihun kowa, ba mai waiwayarsa. Na ce a naɗe mana kowacce ce. Da muka isa gida 'yata ta nuna mini inda ake dannawa, na buɗe akwati na ciro shafin farko. Ƙugiyar Baba tana nan tsakanin kalma biyu, tawadar ta koɗe. Na buga kalmar a kwamfuta, na mayar da ƙugiyar kan harafinta, na ce a fili, "Yanzu daidai ne, Baba."