Ɗinkin da na farke a Urafane

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har da sunayen wasu yaran da na koyar da hannuna, amma kwana huɗun da muka yi a Urafane muna ɗinkin bargo, wannan kam ba zan manta da shi ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Mu huɗu ne. Tun muna 'yan mata muka haɗu a gidan koyon sana'ar mata a Tasawa, daga baya aure da aiki suka watsa mu. Ni na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a nan Tasawa, shi ya sa suke ce mini Madam. Ɗaya ta zama unguwarzoma a Mayahi. Ɗaya Bafillatana ce, tana aure a wajen garin Sarkin Hausa, mace marar yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana kana juya ta. Sai babbarmu, wadda dukanmu muke ce wa Yaya, tana Urafane ita da mijinta manomi. A gaskiya ita ta koya mana riƙe allura, malamar gidan sana'ar suna kawai ta ci. Yaya bahaguwa ce, kuma ban taɓa ganin hannu irin nata ba. In ta haɗa ƙyalle biyu sai ka ɗaga shi a rana kafin ka ga inda zaren ya bi.

Muna da wata al'ada tamu. Duk shekara, a hutun ƙarshen shekara, lokacin da hatsi ya shiga rumbu mutane suka sami sukuni, sai mu taru a gidan ɗayanmu mu yi kwana uku. Kowace ta zo da ƙunshin ƙyallayen da suka rage mata, galibi ragowar ankon biki da na suna. Mu yanka su kamar faɗin tafin hannu, kowace ta haɗa layinta, a haɗe layukan, a shimfiɗa a kan tsohon bargo da zane a ƙasa, a bi da allura. Wadda aka taru a gidanta ita ke da bargon. Mazanmu suna kiran abin gayyar gulma, kuma ban ce sun yi ƙarya gaba ɗaya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, zagayen ya faɗo kan Yaya. Na hau babur ɗin kabu-kabu da ƙunshina a cinya, na iske sauran sun riga ni, an shimfiɗa tabarmi a rumfa, Bafillatana ta zo da nono har ƙwarya biyu. Aka yi gaishe-gaishe, aka ci dambun zogale, aka buɗe ƙunshi. A nan daɗin abin yake. Kowane ƙyalle aka ɗaga sai an tuna ranar da aka sa shi. Ga na sunan ɗan farina, ga na bikin ƙanwar unguwarzoma wanda ruwa ya tarwatsa mu muka fake a zauren mutane, ga wani kore mai ganye da telan ya ɓata mana duka muka sa shi a hakan. Muka yi ta dariya har hawaye.

Ana cikin haka na lura Yaya ta ɗaga wani shuɗi ta kira shi da sunan wani bikin daban. Na ce a raina tsufa ne. Da aka zo sa zare a allura kuma sai ta miƙo mini tata, wai hannunta da maiƙo. Matar da a da take sa wa dukanmu zare tana hira ba ta ko duba ba. Kafin mu fara ta gyara zama ta ce, "Ku ji nan. Idona ya ɗan fara yi mini gardama bana. In kun ga ɗinkina ya karkace ku hwaɗa mini. Ban son a yi mini kara."

Muka haɗa baki muka ce, "Haba Yaya, ke da kika koya mana?" Aka yi dariya aka wuce. Yanzu in na tuna, nan ne muka fara yi mata ƙarya, tun ba a soka allura ko ɗaya ba.

Kwana biyu muna aiki. Da safe a sha kunu a zauna, a tashi azahar, a dawo har rana ta yi ja. Layin Yaya shi ne na tsakiya, ita ta zaɓe shi, ta kuma zaɓi ƙyallayensa da kanta. Tana ɗinki ta kawo shi kusa da hancinta, tana tafiya a hankali, ba ta sa baki a hira kamar yadda ta saba. Da yamman rana ta biyu ta gama ta ajiye, ta shiga duba tuwo. Na ɗauka na duba. Wani wurin ɗinkin ya yi tsalle har yatsa na iya shiga, wani wurin ya cukurkuɗe, bakin ƙyallayen bai haɗu ba, layin ya tafi a karkace kamar hanyar shanu. Na miƙa wa unguwarzoma, ta duba ta rufe baki da hannu. Da Yaya ta fito ta ce, "To, ya kuka gani?" ni ce na amsa. Na ce ya yi kyau ƙwarai.

Sai in faɗi halina, don kada a ɗora wa shaiɗan abin da ba nasa ba. Ni mutum ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta bar shi. Shekara da shekaru ina riƙe da jan biro, ko takardar gayyata aka kawo mini sai na gyara kuskuren da ke ciki kafin in karanta ranar bikin. Ga shi kuma ina ƙaunar matar nan. Na riƙa hango matan Urafane sun zo ganin bargo, wata ta ɗaga tsakiyar ta ce wai wannan ne ɗinkin da ake ba mu labari? Na ce ba za a yi wa Yaya dariya ina raye ba. Amma in dubi idonta in ce hannunki ya mutu, wannan ma ba zan iya ba.

Rana ta uku da hantsi aka aiko an yi haihuwa a bayan masallaci, Yaya ta ja mayafi ta tafi barka. Tana fita na ɗauko reza. Unguwarzoma ta gane nufina, ta ce, "Bon, mu yi maza kahin ta komo." Bafillatana ba ta ɗago daga aikinta ba, ta ce, "Madam, aje rezan nan. Ta ce a hwaɗa mata, ba ta ce a gyara mata ba."

Na ce, "Ke kina iya hwaɗa mata?"

Ta ci gaba da ɗinkinta. Hakan na ɗauka a matsayin izini. Na farke layin tun daga farko har ƙarshe, unguwarzoma tana tsince guntayen zare tana tura su ƙarƙashin tabarma. Aikin da Yaya ta yi kwana biyu tana yi, ban kai rabin awa ba na mai da shi ƙyallaye. Na sake haɗa su yadda ta jera, da zare irin nata, na ɗinka shi tsaf. Da na gama har wani daɗi na ji, ina ganin na rufa mata asiri ba tare da ta sani ba.

Bayan azahar aka shimfiɗa layukan don a haɗe su. Yaya ta durƙusa, ta ɗora tafin hannunta tana shafawa, tun daga na gefe. Tana shafawa tana cewa wannan na unguwarzoma ne, kullum sauri take kamar mai naƙuda na jiranta. Wannan na Fillo ne, zare ja-ja kamar ɗaurin maraƙi. Muna dariya. Da ta iso tsakiya sai hannun ya tsaya. Ta koma farkon layin, ta bi shi da ɗan yatsa har ƙarshe, ta lalubo ƙullin. Ni da wayona duka na manta abu ɗaya. Ɗinkin bahago daga hagu yake tashi, zaren ya kwanta ta wancan gefe, ƙullin ƙarshe ya faɗo a dama. Nawa kuwa na kowa ne.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wanga ba hannuna ba ne. Madam, naki ne."

Na fara kame-kame, wai wuri ɗaya ne ya saki na ɗan taɓa. Ta ɗaga mini hannu. Ta zauna sosai, ta ce, "Na san ya karkace. Ina ɗinki ina jin shi. Wata biyu da suka wuce mai gidana ya kai ni Maradi, likita ya duba ya ce abin da ya tahi ya tahi, sauran ma tahiya zai yi, sai dai a rage mishi sauri. Ban gaya ma kowa ba. Na so in ji wace cikinku za ta hwaɗa mini gaskiya, in san wadda zan riƙa tambaya in duhun ya zo." Ta sake shafa layin. "Kuma na so in bar ɗinkina na ƙarshe da na yi da idona a tsakiyar naku. Ko ya karkace, in na shafa in san nan nake."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Unguwarzoma ta fara kuka. Ni ko kukan ya ƙi zuwa, sai kunya da ta rufe ni, ina jin guntayen zarenta a ƙarƙashin tabarmar da nake zaune a kai. Abin da na farke ba ya dawowa. Ko na tsince zaren duka, ba wanda zai mai da shi inda ta soka shi.

Na ce, "Yaya, ki yahe mini."

Ta ce, "Yahiya mai sauƙi ce. Ina rezan?" Na miƙa mata, ta mai do mini da ita. "Farke naki. A gabana."

Na farke. Ɗinkin da na yi alfahari da shi da hantsi, na bi shi da reza kowa na kallo. Da na gama ta ce in matso, in zauna a damarta, in sa mata zare. Ta ce za ta sake ɗinka layin, ni kuma aikina in duba, duk inda ta kauce in faɗa da baki, kada in kuskura in taɓa allurar.

Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Karo na farko da ta kauce na ce, "Yaya, kin yi ƙasa." Muryata ko fita ba ta yi sosai. Ta ce, "Ɗaga murya, makauniya zan zama, ba kurma ba." Bafillatana ce ta fara dariya, sannan muka bi. Daga nan abin ya saki. Kin yi sama. Kin tsallake. Koma baya kaɗan. Wani lokaci ta gyara, wani lokaci ta ce a bar shi haka, ita ta ga dama. Kwana uku ba su ishe mu ba, sai da kowace ta kira gidanta ta ce an ƙara kwana. Mijin Yaya ya ce ai shi gaba ta kai shi, gulma ta yi albarka, ya sa aka yanka mana zabi biyu.

Da yamman rana ta huɗu muka gama bargon. Layin tsakiya bai miƙe ba, amma ya fi na farko, kuma nata ne tun daga soka har ƙulli. Da zan hau babur ta riƙe hannuna ta ce, "Daga yau ke ce idona. In ɗankwalina ya juya baibai, ko miyata ta yi ƙasa-ƙasa, ko na ga mutane suna yi mini shiru, ke zan tambaya. In kika sake yi mini kara, ni da ke sai a lahira."

Yau Yaya ba ta ganin komai sai haske da duhu. Har yanzu muna taruwa. Ba ta ɗinki, amma ba layin da ke shiga bargo sai ya bi ta ƙarƙashin hannunta, kuma nawa ta fi farkewa. Tana kirana a waya ta tambaye ni abubuwan da wasu ke ɓoye mata, wasu masu ɗaci ne, ina faɗa mata ko da bakina ya yi nauyi.

Abin da kwanakin nan suka koya mini shi ne, ba Yaya na yi wa kara ba ranar nan, kaina na yi wa. Na ji tsoron nauyin magana ɗaya, sai na ɗauki reza na kira abin ƙauna. Mutum in ya roƙe ka gaskiya, ka ba shi ita a hannunsa, ka zauna kusa da shi ya gyara abinsa da kansa. In ka gyara masa a ɓoye, ka riga ka yanke hukuncin cewa ya ƙare, alhali shi bai ce ya gama ba.