Ranar da Dariya ta Kuɓuce Mini a Taron Tunawa da Mamata

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da muka yi taron tunawa da waɗanda suka rasu a gidan kula da tsofaffi da nake aiki a garin Beltsville, nan ƙasar waje. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ku saurara.

Mu mataimakan nas, aikinmu wanka ne, ciyarwa da juya mara lafiya. A ƙarshen kowace shekara ana gayyato iyalan waɗanda suka rasu a hannunmu, a yi wa mamatan addu'a. A shekarar, ɗan wata tsohuwa da na yi jinya, malamin kiɗa ne a cocinsu, ya tsara sabuwar waƙar makoki. Ya ce yana son a sa addu'a da harshen duk wadda ta kula da mahaifiyarsa. Ya tambaye ni me muke cewa in an yi rasuwa. Na ce, "Allah ya jiƙan su." Ya ɗauka a wayarsa, ya yi godiya.

Ranar taron mawaƙa suka jeru, kiɗa ya fara a hankali, iyalai na share hawaye. Da aka zo kan Hausa sai na ji sun ja murya: "Allah ya jiƙa su." Harafi ɗaya ya faɗi, rahama ta koma ruwa. Hadiza, 'yar Maraɗi da muke aiki tare, ta matso kunnena ta ce, "Yaya, ai jiƙa su aikinmu ne, kullum da safe."

Wallahi na danne, na ciji leɓe, amma dariyar ta fito. Daidai lokacin kiɗan ya tsaya. Kowa ya waiwayo. Ni ga ni, uwar 'ya'ya huɗu, da rigar aiki.

Bayan an tashi, shugabar nas ta kira ni ofis. Na tarar da malamin kiɗan a zaune. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Abu ɗaya nake son sani. Haka kuke yi wa mahaifiyata dariya idan ba na nan?"

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Na bayyana masa kuskuren da ɗan Turancina, ban ambaci Hadiza ba. Sai ya ce, "To, faɗa mata daidai." Ya miƙo hoton mahaifiyarsa. Na riƙe da hannu biyu, na ce, "Allah ya jiƙan ki." Ya karɓi hoton ya fita. Ban sani ba ko ya yarda da ni.

Ƙannena, iyalan nan ba su ga daren da muka kwana a tsaye kan nasu ba. Fuskarmu kawai suke da ita, a nan suke karanta yadda aka riƙe musu iyaye.