Tahir Ɗan Fanna da Motar Sallau

Faɗan farko da Ya Hamsatu ta yi da Tahir, a kan tusar mota aka yi shi. Shekarar da aka hana hawan babur a Diffa ce, lokacin da ko murfin tukunya ya faɗi sai mutum ya duba inda takalminsa yake. Tana tsugune a tsakar gida tana tankaɗe, sai ƙara ta tashi daga bayan katanga, tau, tau, kamar an buɗe wuta. Unguwa ta watse. Mai ƙosai ta bar mai a wuta, tela ya bar kekensa. Ita kuwa Ya Hamsatu, da ciwon gwiwar nan da take damun kowa da labarinsa, ta tsallake turmi ta shige ƙarƙashin rumbu, ko ɗankwali babu.

Can sai ga fuskar Tahir ta leƙo, baƙin mai har goshi, haƙora a waje.

"Kaka, ta tashi."

"Wace ce ta tashi?"

"Motar."

Ta jawo jikinta waje, kashin kaji a gwiwar hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ɗan nan, mun ba ku ɗaki ku huta da jin harbi, shi ne ka zo ka ƙera mana naka a gida? Allah ya sa sojoji su zo su ɗaure ka da ita."

Sojojin sun zo kuwa. Suka zagaya motar, suka yi dariyarsu, suka ce ya sa mata salansa kafin ya kashe tsofaffin unguwa.

Tahir ba ɗan gidan ba ne. Shi da uwarsa Fanna daga Damasak suka gudo, suka haye kogin Komadugu da kayan jikinsu, uban bai hayo ba. Ya Hamsatu ta gan su a gindin bishiyar bedi bakin tasha, ta ce su biyo ta, ta ba su ɗakin ɗanta Sallau da ya rasu. Wannan alheri nata ne, kuma ba ta taɓa barin kowa ya manta da shi ba.

Motar ma ta Sallau ce, wata tsohuwar kwarkwaɗa da yake ɗauko buhunan tattasai da ita daga Gueskérou. Tun rasuwarsa take kwance bayan gida, kaji na ƙwai a ciki. Ɗansa Muntari, jikan Ya Hamsatu ɗaya tilo, bai taɓa ko buɗe gabanta ba. Shi ɗan kabu-kabu ne, da aka hana babur sai ya samu tabarma a zaure, ya samu butar shayi, ya zauna jiran ranar da za a ɗage doka. Tahir kuwa ya ɗan taɓa aikin gareji a garinsu, kullum yana kewaya motar kamar kare da tukunyar nama. Ranar da ya roƙi a ba shi ita, Ya Hamsatu da bakinta ta ce, "Ɗauke mini gawar nan, ta cika mini wuri." Muntari ya ɗaga kofin shayi ya ce ya yafe. A gaban mutane aka yi, shi ya sa daga baya ta rasa bakin tayar da magana.

Daga nan yaro ya shiga neman ƙarfe. Ya yi wankin mota, ya yi karen mota a hanyar N'Guigmi, duk abin da ya samu a cikin motar yake ƙarewa. Wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi direba, ba a daɗe ba suka sallame shi, wai ya kai wani bature garin Mainé kafin baturen ya gama ɗaura bel, ya sauko yana kiran uwarsa da yarensu. Ya Hamsatu ta ji daɗin korar nan har ta ƙara mai a miya.

Amma korar ce ta buɗe mishi hanya. Samarin da aka raba da baburansu ba su iya zama ba, jininsu ya saba da gudu. Suka samu wani fako a arewacin gari, hanyar N'Guelbély, suka jera tsofaffin tayoyi suka yi da'ira, suka roƙi izini, suka fara tsere da motocin gida duk ranar salla da ranakun biki. Tahir ya fige motar Sallau kamar kaza. Ya cire kujeru, ya cire gilasai, ya walda ƙofofi, ya giggitta bututun ƙarfe a ciki, sai ta taga yake shiga. Kafin a tashi yakan tsuguna ya rage iskar taya, ya damƙi ƙasar fakon ya murza a tafin hannu. Sauran suna taka birki in sun zo kwana. Shi sai ya jefa gindin motar gefe, ta tafi a karkace tana feshin rairayi, ta miƙe ta bar su suna tari.

Ya ci na farko, ya ci na biyu, har aka daina mamaki. Ya sa aka rubuta wani abu da jan fenti a bayan motar. Ya Hamsatu ba ta san baƙi ba, amma ta san sunan Sallau bai kai wannan tsawo a bakinta ba, sai ta tambayi Muntari. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Ɗan Fanna aka sa, Kaka."

Ta ce, "To. Ƙarfen namu, sunan nasu."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne zauren. Mata su ɗauko ƙafa daga unguwa-unguwa, su shigo ta ƙofarta, su tsallake ƙafafun Muntari, su ce mata sannu da gida a tsaitsaye, su wuce ɗakin Fanna yin barka. Ragon da aka ba Tahir na cin tsere, a turkenta aka ɗaure shi, harawarta ya ci. Fanna baiwar Allah ba ta da girman kai, ita ke kawo mata cinya da hanta a kwano, ta durƙusa ta ce, "Ya Hamsatu, ga rabon uwar gida." Ta karɓa ta ci, don nama bai yi mata laifi ba, amma kowace loma sai ta tsaya mata a wuya. Da Fanna ta yi fahariya ko sau ɗaya, da ta samu abin kamawa.

In an yabi yaron a gabanta sai ta ce, "Gudu ai a jininsu yake, da shi suka zo." In an ce yana da hannu, ta ce motar ce mai albarka. Duk da haka ranar tsere takan fake da neman itace, ta tsaya nesa bayan wata aduwa. Ta san ƙarar motar a cikin goma. In ta ga jan rubutun nan ya sha kwana a gaba, zuciyarta ta yi tsalle kafin ta tuna ba nata ba ne, sai ta tofar da yawu ta koma gida ta ƙare wa Muntari zagi a kan tokar gawayi.

Bayan wata babbar salla wani Alhaji mai gareji ya zo daga Damagaram, ya ga Tahir a fako, ya ce zai tafi da shi da motarsa, ya sa mata sabon inji, ya kai shi inda ake tseren gaske, har Agadez. Tahir bai taɓa ƙasa ba don murna. Sai Fanna ta ce a'a, ba a haka. Baƙo ba ya ɗaure kaya sai mai masauki ta sallame shi, kuma su har gobe baƙin Ya Hamsatu ne. In ta ce ya tafi, ya tafi. In ba ta ce ba, ko Makka ce ba ya zuwa.

Ya Hamsatu ta ji abin kamar an zuba mata zuma a kunne. Yau ga Ɗan Fanna, da sunansa da tafinsa, a tafin hannunta. Ya zo ya durƙusa, ta ce kanta na ciwo. Ya dawo, ta ce ta yi mugun mafarki. Ya sake dawowa da goro, ta karɓi goron ta ce za ta yi tunani. Alhaji ya aiko cewa zai juya ranar kasuwa, da shi ko ba shi. Sannan ta fito da abin da ke ranta.

"Motar uban Muntari ce. In za ta Damagaram, da Muntari za ta."

Tahir ya ce, "Wallahi na fi kowa so, Kaka. Amma ki bari ya ɗanɗana tukuna."

Aka ɗaure wa Muntari kujera a gefe, aka tura shi ta taga, tumbinsa ya ɗan maƙale. Tahir ya zagaya da shi fakon. Da suka tsaya sai da aka jawo shi kamar buhu, ya dafa taya ya mayar da shayin safe. Ya dubi kakarsa ya ce, "Ki yafe ni. Ni babur na sani, shi ma a hankali." Samari suka yi ta dariya. Ta juya ta kama hanyar gida, ta rantse a ranta sai dai motar ta ruɓe a Diffa.

Da la'asar tana tsinke zogale, Fanna ta shigo ta zauna kusa da ita, ta sa hannu tana taya ta. Can sai ta yi ƙasa da murya.

"Ya Hamsatu, Allah ya saka miki. Ki riƙe hakan, kar ki sake shi."

Hannun tsohuwa ya tsaya.

"Me kika ce?"

"Ni ba zan iya hana shi ba, in ya dube ni bakina mutuwa yake. Shi kaɗai na hayo ruwa da shi. Na san ke ba za ki yarda ba, shi ya sa na turo shi wurinki. Ya zauna nan kamar Muntari, ko shayi ne su sha tare, ni dai in riƙa ganin shi."

Ya Hamsatu ta dube ta da kyau. Ashe duk durƙuson nan da girmamawar nan, an auna baƙin cikinta ne kamar yadda ake auna gero, aka ga zai isa a ɗaure yaro da shi. Ita da take ganin ta riƙe igiya, ashe ita ce turken. Wani kishin kuma ya taso mata, wanda ya fi na da zafi. Allah ya ba mace ɗa irin wannan, wanda gari ke tashi tsaye in ya wuce, ita kuwa tabarma take nema mishi a zaure. Da ita aka ba.

"Fanna, kwashe hannunki daga zogalena," ta ce. "Ki kira mini shi."

Tahir ya shigo ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya riga ya saddaƙar. Fanna ta tsaya bakin ƙofa tana murza gefen zane. Washegari ya bi Alhaji, kuma tun daga ranar sai dai labarinsa ke zuwa Diffa a bakin direbobi. Amma a wannan la'asar, Ya Hamsatu ta bar shi a durƙushe har ƙafarsa ta yi sanyi, sannan ta yi magana.

"Tashi ka ɗaure kayanka, na sallame ka. Ba don ka burge ni ba, har yanzu tuƙinka na mahaukata ne. Uwarka za ta yi kuka, bar ta da ni, na iya da ita. In ka je can suka tambaye ka ɗan wane ne, ka ce Fanna ta haife ka, wannan ba yadda zan yi da shi. Amma in suka ce wa ya turo ka, ka buɗe baki da kyau ka ce Hamsatu ce."