Gwiwar Magagi

Duk wanda ya ce maka Magagi rago ne, ka turo mini shi rumfar da nake sai da fura a kasuwar Filinge. Ni ce Habsa, ƙanwar Magagi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma zan wanke shi tas. Na san abin da garin nan ya yi wa yayana.

Da can ɗan kokowa ne. Ban ce ya fi kowa a ƙasar Kurfai ba, ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Amma in an gama girbin hatsi aka kaɗa masa ganga ya shigo fili yana kirari, har tsofaffi miƙewa suke yi. Shekarar da ake zaɓen waɗanda za su tsaya wa jiharmu a kokowar takobi, babbar gasar ƙasa, aka haɗa shi da wani matashi daga Abala. Ba su ma kama juna da kyau ba gwiwarsa ta hagu ta yi ƙas, ta goce. Ya zube kan gwiwoyi biyu gaban yaron kamar mai roƙon gafara. A kokowa kuwa, in gwiwoyinka biyu suka taɓa ƙasa an ka da kai, magana ta ƙare. Ya tashi ya kakkaɓe rairayi, ya ɗaga hannun yaron, ya fice daga fili. Kafin ya kai gida an raɗa masa suna: Durƙusau.

Sunan nan ya manne masa kamar ƙaya a zane. Ya koma dakon buhunan hatsi da wake a kasuwa, sai ka ji wani ƙato da ko akuya bai taɓa kayarwa ba yana ƙwala kira, "Durƙusau, zo ka ɗauka!" A lakwal ma, wato makaranta, ƴaƴansa ɗiyan Durƙusau suka zama. Shi ba ya tankawa. Ni ce mai tankawa, har na rasa masu sayen fura da dama a kan haka, kuma ban yi nadama ba.

Ana nan, bara bayan kaka, wata ƙungiya ta zo daga Yamai ta ce za ta shirya tsere, wai sumi-marato. Kilomita ashirin da ɗaya a kan kwalta, a fita gari a juyo, a ƙare cikin filin kokowa. Duk wanda ya kai ƙarshe, ko shi ne na baya, za a rataya masa lambar ƙarfe a wuya, a kira sunansa a lasifika.

Magagi ya zo rumfata ya zauna, ya ƙi taɓa furar da na dama masa.

"Habsa, zan shiga."

Na ce, "Da wace ƙafa, Yaya? Wadda za ka aro?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Cikin hilin ga na hwaɗi. Cikinai nike son a kira sunan da Baba ya yanka mini rago. Sau guda, da ƙarhi, kowa shi ji."

To me zan ce? Mutum ya haura arba'in, furfura ta fara tsiro masa, abin da yake nema a duniya bai wuce a ce masa Magagi ba.

Ya shiga gudu bayan sallar asuba, ya naɗe gwiwar da tsumma ya ɗaure da robar taya. Yana dawowa ta kumbura kamar ƙwaryar nono, ya gasa ta da ruwan zafi ya tafi dako. Ana saura mako guda sai masassara ta kwantar da shi, amai ba ƙaƙƙautawa, idanu jawur. Na kai shi likita. Majo Ibrah, babban mai jinyar wurin, wanda tun suna yara suka san juna, ya sa masa ruwa a jijiya, ya ce, "Magagi, ka ji tsoron Allah. Jikinka ba jini, gwiwarka ba mai. In ka yi gudun ga, kada ka ce ban hwaɗa maka ba." Yayana ya yi godiya kamar ya ji. Ni kuwa na ɓoye takalmansa cikin rumbu. Ya je ya ari na maƙwabci, sun yi masa kaɗan, ya yanke bakinsu da wuƙa.

Ranar tsere na rufe rumfa na je na tsaya bakin filin kokowa. Samari suka fara shigowa, sai sojoji, sai malaman lakwal, har da wasu ƴan mata daga Yamai. Rana ta take. Mutane suka fara cewa ai motar likita ta kwashe Durƙusau tun a hanya. Wani ya ce, "Ko ya tsaya durƙuso ne?" Aka bushe da dariya. Wallahi da akwai muciya a hannuna, da an kwana da labari.

Can sai ga shi. Ba gudu ba ne, ba tafiya ba. Yana jefa ƙafar dama, yana jan ta hagu, leɓɓansa sun yi fari fat, rigar ta manne masa. Dariya ta mutu. Wani tsohon makaɗi da ke zaune a inuwa ya jawo gangarsa ya saki kiɗan da yake masa a da. Sai na ji murya daga bayana, "Magagi!" Wata ta amsa, wata ta ƙara. Mutanen nan fa, su ɗin dai, su ne ke kiran sunansa. Na fashe da kuka ina guɗa lokaci guda.

Inda kwalta ta ƙare rairayin fili ya fara akwai ɗan gangare. Nan gwiwar ta ci amanarsa karo na biyu. Ya zube a kan gwiwoyinsa, duka biyun. Tsakaninsa da layin ƙarshe bai kai tsawon igiyar guga ba.

Ya tashi da kyar. Na ce alhamdu lillahi, zai ƙarasa. Sai na ga yana kakkaɓe rairayi. Wani dattijo mai tumbi ya zo zai wuce shi, Magagi ya kama hannunsa ya ɗaga sama, mutumin yana zare ido bai san abin da ake ciki ba. Sannan ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar da aka kewaye filin da ita ya fita.

Mai lasifika yana ihu, "Kai bawan Allah, koma ka ƙarasa!" Majo Ibrah ya riƙo shi yana cewa nan ba kokowa ba ce, a tsere ko da rarrafe ka kai an karɓa. Ni na ci kwalarsa, a gaban mutane, yayana da ban taɓa ɗaga wa murya haka ba. Na ce, "Yaya, don Allah, don darajar Baba, taku kaɗan ne!"

Ya dube ni, jikinsa na rawar zazzaɓi. Ya ce, "Na hwaɗi, Habsa. Kowa ya gani. Wanda ya hwaɗi cikin hilin ga hita yake."

Ba a kira sunansa ba. Dattijon mai tumbi aka rataya wa lamba. Kafin la'asar hoton bidiyon faɗuwar ya zaga wayoyin gari, an yanke gudun duka, an yanke kiɗan, an bar durƙuson kawai. Wanda ya yi wannan aiki, na bar shi da Allah.

Majo bai yi ƙarya ba. Gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan. Dako ya gagara, yanzu goro yake kasawa a faifai kusa da rumfata. A masallaci kujerar roba ake aje masa a ƙarshen sahu, a kanta yake ruku'u da sujada. Tun ranar nan gwiwar Magagi ba ta sake taɓa ƙasa ba, ko a gaban Ubangijinsa. Jiya da safe wani ya tsaya, ya miƙo kuɗi, ya ce, "Durƙusau, ba ni fari guda biyu." Yayana ya zaɓo masa masu kyau.